Makaranta ta tashi, ina mai karatu zai zauna?

A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 da rana, ɗakin kwano kuma ba ya hucewa sai gab da asuba, duk wanda ya bi manyan titunan Harobanda bayan sallar lisha zai tarar da matasa a gindin fitilun hanya. Wani ya shimfiɗa tabarma, wani ya ɗosana a kan bulo, wani yana kai da komo da takarda a hannu, leɓɓansa na motsi. Ƙwari na zagaya fitila, babura na wucewa suna tada ƙura, su kuwa idonsu na kan darasi. Mun saba da wannan gani har ya zame mana abin alfahari. Mukan nuna wa baƙo mu ce ya dubi yadda ƴaƴan Nijar ke son ilimi. Ni ma na yi wannan alfaharin, har zuwa ranar da ni kaina na nemi gindin fitila.

A shekarata ta farko a jami'a mu biyar muka kama hayar ɗaki guda. Babu wanda ya cuci wani a cikinmu. Kowa ya biya rabonsa, don haka kowa na da hakkin ya kwanta in ya gaji, ya amsa waya, ya sauki baƙon da ya zo daga gida. Tebur dai babu, kuma ko da an ba mu kyauta babu inda za mu ajiye shi. A nan na fara koyon wani darasi da ba a bayar da shi a amfi, wato neman wurin zama. Na san masallacin da ladaninsa ba ya rufe ƙofa tsakanin azahar da la'asar, na san kantin da ke barin ƙwan ƙofarsa a kunne har tsakar dare, na san dogon yaron da inuwarsa ta fi daɗewa. Wata rana maigadin wata ma'aikata ya tashe ni daga barandar da na yi mako guda ina zama. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi: “Ɗana, ka yi haƙuri, ni ma umarni aka ba ni.” Gaskiyarsa. Na naɗe tabarmata, saura kwana huɗu jarrabawa.

Abin da nake so in kare a wannan rubutu shi ne, wurin zama na karatu sashe ne na ilimi kamar yadda malami da littafi suke. Muddin aka bar shi ga dabarar kowane ɗalibi, jarrabawa za ta riƙa auna gidan da mutum ya kwana kafin ta auna abin da ke kansa. Ina kuma ganin birnin Yamai bai rasa wuraren ba. Abin da ya rasa shi ne yarjejeniya a kan wanda zai riƙe makulli.

Tun da mu masu nazarin harshe ne, bari mu fara da kalma. Duk wanda ya yi darasin ƙirar kalma ya san ɗafa-goshin ma- da Hausa ke gina sunan wuri da shi: maƙera, masaƙa, majema, marina, mahauta, masallaci. Wannan jeri yana gaya mana wani abu game da tsarin garin Bahaushe. Duk sana'ar da jama'a suka ɗauka da muhimmanci sun yanka mata fili, sun kuma raɗa wa filin suna. Ba a ce wa maƙeri ya je ya nemi inda zai hura zugazuginsa da dabararsa ba. Makaranta ma a cikin jerin take, wurin karantawa ke nan. Sai dai a bakinmu na yau ma'anar ta ƙuntata, ta koma wurin da malami ke magana ɗalibi na saurare, wurin da ake cewa “an tashi” da zarar malamin ya fita. Shi kuwa karatun kansa, wanda mutum ke yi shi kaɗai da littafi, ya zama marar mazauni. Ko kalmar “ɗakin karatu” da muke amfani da ita tana nuna wannan ruɗani: wani na nufin aji da ita, wani na nufin ma'ajiyar littattafai, ba kasafai ake nufin ɗakin da mutum zai shiga da nasa littafin ya zauna kawai ba.

Wannan ba wasa da kalma ba ne, domin tsarin karatun da muke bi ya dogara ne a kan wannan aikin marar mazauni. A tsarin LMD da jami'o'inmu suka ɗauka, lisans kiredi 180 ne, kowane zango kiredi 30, kuma awoyin da ake ƙirgawa a kowane kiredi sun haɗa da na gaban malami da na aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai. Ke nan dokar karatu da kanta ta yarda cewa wani babban kaso na digiri a wajen aji ake samunsa. An tanadi amfi domin kaso na farko. Kaso na biyu fa, a ina aka ce a yi shi? Ɗan da iyayensa ke da gida a Filato, da ɗakinsa da teburinsa da fanka, tambayar ba ta dame shi ba. Wanda ya zo daga Matamai ko Madawa ko Dakwaro da jakar kaya guda, ita ce tambayar da yake kwana da ita. Ranar jarrabawa kuwa takarda ɗaya za a miƙa musu, a ce an yi adalci.

Mu ɗaliban harshe matsalarmu ta ɗara ta wasu, saboda aikinmu kunne yake buƙata. Wanda aka ba shi magana da aka naɗa ya rubuta ta da alamun karin sauti ya san abin da nake nufi. Kuka na hawaye da kuka ta miya, baƙaƙensu ɗaya ne, tsawon wasulansu ɗaya ne, faɗuwar murya a gaɓar ƙarshe kaɗai ta raba su. Wuya na jiki da wuya ta wahala ma, karin sauti kaɗai ya raba su. Yaya za a kama wannan bambanci a bakin titi, mota na hon, mai shayi ya ƙure rediyo? Sau da yawa na rubuta sauti sama inda yake ƙasa, ba don ban fahimci darasi ba, sai don babur ya wuce daidai lokacin. Mai lissafi zai iya toshe kunnensa ya ci gaba da aiki. Mu in mun toshe kunne aikin ya tsaya.

To, ina ake zuwa? Bari in bi wuraren da ɗalibi marar kuɗi ke da su a Yamai, da alherin kowane da iyakarsa.

Na farko su ne ɗakunan littattafai, kuma bai kamata mu rena abin da muke da shi ba. Ban da na cikin jami'a, akwai cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam, IRSH, wadda ke adana rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Akwai CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da aka kafa tun 1968, wadda a yau ke ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Akwai cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, da tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wadda aka sauya wa suna zuwa Mustafa Alasan a 2024. Abin kunya ne a ce ɗalibin harshe ya gama lisans bai taɓa taka ƙofar CELHTO ba, alhali masu bincike na tasowa daga wasu ƙasashe dominta. Amma waɗannan wurare suna hagun kogi, jami'a da mafi yawan ɗakunan hayarmu suna dama. Kafin ka haye gadar Kennedy ka dawo, ka biya taksi ko faba-faba sau biyu, kuma kuɗin nan na abincin dare ne. Wurin da shigarsa kyauta ce amma zuwansa na kuɗi ne, ga talaka bai cika kyauta ba. Sannan cibiyar bincike ma'aikata ce, da lokacin aiki take tafiya, lokacin aikin nan kuwa shi ne lokacin da muke cikin amfi. Ba laifinsu ba ne, ba don su zama mafakar dubban ɗalibai aka gina su ba.

Na biyu masallaci ne, kuma ina shaida cewa ya rufa wa da yawa daga cikinmu asiri. Akwai tsabta, akwai inuwa, akwai ruwa, wani lokaci har da fanka, ga kuma kwarjinin wurin da ke hana kowa ɗaga murya. Tsakanin azahar da la'asar babu inda ya fi shi natsuwa a duk unguwa. Iyakarsa ita ce ɗakin ibada ne, kuma zamanmu a ciki alfarma ce da kan ƙare ranar da wani ya bar ɓawon gyaɗa a kan darduma ko ya mayar da sahu wurin barci. Masallatai da yawa ana rufe su bayan lisha saboda ɓarayin takalma da na lasifika. Ɗan'uwanmu Kirista kuma bai da wannan mafita sai in cocinsa na kusa.

Na uku inuwar itace, da safe ko da yamma. Tana da daɗi a watan Nuwamba. Da hunturu ya kankama ƙura ta rufe takarda, da bazara inuwar kanta ta yi zafi, da damina kuwa sai ka riƙa karatu ido ɗaya na kallon gabas. Na huɗu fada ce. Kowa ya san alherin fada, nan ake jin labarin inda ake neman mai koyar da yara a gida, nan ake ranta wa mutum kuɗin kwafin takardu. Amma wanda ya ce zai yi nazari a fada ya yaudari kansa, domin kafin shayi na uku ya sauka an gama da siyasar duniya da ƙwallon Turai, littafin kuwa yana shafin da aka buɗe shi. Na biyar ita ce fitilar hanya da muka fara da ita, wadda ke ba da haske ta haɗa da sauro da hayaƙi, ga kuma mai ƙwacen waya da ke lura da wanda hankalinsa ya tafi ga takarda.

Duk wannan jeri da na kawo jerin namiji ne, kuma a nan maganar ta fi ciwo. A cikin wurare biyar ɗin nan, nawa ne ɗaliba za ta iya zama a cikinsu ƙarfe goma na dare? Ba za ta shimfiɗa tabarma a bakin titi ba, in ma ta yi, kafin gari ya waye an raɗa mata suna. Ba ta da fada. Sashen mata a masallatan unguwa, inda akwai shi, ba kullum yake buɗe ba. Wadda ke zaune wurin dangi kuwa, da ta shigo gida aikin gida ke jiranta, kuma ba ta da bakin cewa a rage talabijin a gidan da ake ciyar da ita. Wata abokiyar karatunmu ta taɓa gaya mini cewa lokacin nazarinta daga ƙarfe uku na dare ne zuwa kiran assalatu, a madafa, da fitilar waya, domin shi ne kaɗai lokacin da babu mai kiran sunanta. Ta ci jarrabawarta, Allah ya sa albarka. Amma muna yawan tambayar dalilin da ya sa ƴan mata ke raguwa daga lisans zuwa masta, mu ambaci aure, mu ambaci talauci, mu manta da tambaya mafi sauƙi: a ina za ta zauna ta rubuta kundin?

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Na farko, wasu daga cikin magabatanmu kan ce su ma a gindin fitila suka yi karatu, da aci-balbal ma, ga su kuma sun zama abin da suka zama. Gaskiya ne, kuma muna girmama wahalar da suka sha. Amma masu ba da wannan labari su ne waɗanda suka haye. Waɗanda suka faɗi sau biyu suka koma gida ba a gayyatarsu su yi jawabi, kuma babu wanda ya san ko a cikinsu akwai wanda ya fi kowa kai. Wahala tana tace mutane, sai dai ba basira take tacewa ba, ƙarfin jiki take tacewa da sa'a da jinsi. Ban da haka, Yamai ɗin da suka sani ba ita ce ta yau ba. Tun a ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura miliyan ɗaya, filayen da a da suke fayau an gine su, haya ta yi tsada, ɗaliban da ake ƙirgawa da ɗaruruwa a farkon jami'ar cikin shekarun 1970 yanzu da dubbai ake ƙirga su.

Na biyu, ana cewa zamanin ɗakin littattafai ya wuce, tun da littafi ya shiga waya. Lalle waya ta sauƙaƙa samun abin karantawa, kuma da yawa daga cikin littattafan nahawu da muke amfani da su ta nan muka same su. Amma waya ba ta ba mutum kujera, ba ta kashe masa rediyon maƙwabci. Ita kanta wuta take nema. Duk wanda ke Yamai a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya saboda takunkumi, ya ga yadda ɗakin karatun da ke cikin aljihu ke mutuwa da ƙarfe tara na dare. Zuwan waya bai rage buƙatar wuri ba, ya ƙara mata sharaɗi ne: yanzu wurin sai ya kasance da inda za a sa caji.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, ana cewa ƙasa na fama da abin da ya fi wannan, ga tsaro, ga abinci, ga azuzuwan zana da yara ƙanana ke zaune a cikinsu, wa zai gina wa manyan ɗalibai ɗakunan karatu? Na yarda da wannan ƙwarai, shi ya sa ban roƙi a aza tubali ko ɗaya ba. Roƙona a buɗe abin da aka riga aka gina.

Kafin in faɗi yadda za a yi, ya kamata mu tuna cewa kakanninmu sun taɓa warware wannan matsala, kuma ba su fi mu arziki ba. Almajirin da ya sauka a Damagaram ko Tasawa neman ilimi ba ya biyan kuɗin wurin zama. Zauren malami a buɗe yake, attajirin unguwa kan ba da nasa zauren, in dare ya yi a hura wuta a tsakar tsangaya da itacen da almajirai suka yo, kowa ya matso da allonsa. Haske na kowa ne, kuma ciyar da wutar aikin kowa ne. Maƙwabta ba su ɗauki sautin tilawa a matsayin damuwa ba, albarka suka ɗauke shi. Ba ina cewa rayuwar almajiri daɗi gare ta ba, mun san ba haka ba ne. Abin da nake ɗauka daga wannan tarihi ƙa'ida ce guda: garin da ya karɓi mai neman ilimi ya ɗauki nauyin ba shi inda zai zauna da hasken da zai gani. Da boko ya zo sai muka ɗauka wannan nauyi na gwamnati ne kaɗai, gine-ginen zamani kuma suka zo da ƙofar ƙarfe a inda zaure yake. Ɗalibin jami'a ya faɗa tsakani, unguwa na ganin shi ɗan gwamnati ne, gwamnati na ganin da an tashi daga aji ya koma hannun unguwa.

Akwai wani darasi kuma a cikin tsangaya. Karatu a al'adarmu da murya ake yinsa, kuma har gobe da yawa daga cikinmu ba sa riƙe abu sai sun furta shi. Wanda ke kai da komo a gindin fitila yana motsa baki magajin wannan al'ada ne. Saboda haka wuri iri biyu muke buƙata: na shiru domin nazari da rubutu da sauraren abin da aka naɗa, da na murya domin hadda da bita ta ƙungiya. Duk tsarin da ya manta da ɗaya zai haɗa mutane faɗa, mai so ya yi shiru ya ga an dame shi, mai so ya furta ya ga an takura shi.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba.

A kowace unguwa ta Yamai akwai makarantar firamare ko kwaleji ta gwamnati, da azuzuwa da tebura da allo, kuma daga yamma har safiya babu kowa a ciki sai maigadi. Idan hukumar da'ira, musamman ta biyar inda ɗalibai suka fi yawa, ta zauna da daraktocin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara da wakilan ɗalibai, za a iya buɗe aji biyu a makaranta guda daga magariba zuwa sha ɗaya na dare, ɗaya na shiru ɗaya na murya. A rubuta sunan duk mai shiga, a nuna katin ɗalibi, a naɗa mutum biyu da za su amsa tambaya in wani abu ya lalace. Ladan da za mu biya a bayyane yake: awa biyu a mako muna yi wa yaran makarantar bita, musamman masu shirin jarrabawa. Darakta ya samu masu taimako, iyaye sun samu malaman gida kyauta, mu mun samu tebur.

Haske kuma ba shi ne abin tsoro ba yanzu. Faranti ɗaya na hasken rana da batir da ƙwai kaɗan sun isa aji guda, kuma kuɗinsu bai fi ƙarfin karo-karon tsofaffin ɗalibai ko ɗan kasuwa guda mai neman lada ba. Jami'armu tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana tun ana yi wa abin kallon mafarki, wanda kuma ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka a 1964. Babu karramawar da ta dace da shi kamar a ce ranar da ta ƙona mu da azahar ita ce ke haska mana takarda da lisha.

A cikin kowane irin tsari, a fara da mata. In aji ɗaya kaɗai aka samu a unguwa, nasu ne, domin mu maza muna da sauran mafita ko da marasa daɗi ne. A sa shi kusa da gidaje, a samu dattijuwa daga ƙungiyar iyaye da za ta riƙa zama, a tashi da wuri yadda za su koma gida a ƙungiya. Uban da ba zai bar ƴarsa ta fita “karatu” wurin da bai sani ba zai iya barinta ta je makarantar unguwa inda maƙwabciyarsa ke zaune a bakin ƙofa.

Limamai da kwamitocin masallatai su ma a same su da magana, cikin ladabi, a roƙi abin da yanzu ake yi a ɓoye ya zama da izini da ƙa'ida. Malamanmu kuma, Allah ya ƙara musu daraja, muna roƙon su riƙa tambaya. Kafin a ce ɗalibi malalaci ne saboda bai kawo aikin rubuta sauti daidai ba, a tambaye shi inda ya yi aikin. Ajin da ba a darasi a cikinsa da yamma, in an ba wakilin ɗalibai makullinsa bisa amana, ya wadatar da masu aikin kunne.

Saura namu. Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, wurare da yawa da aka rufe mana mu muka jawo. An ba mu aji mun bar shi da leda, an bar mu a masallaci mun cire fanka daga soket mun sa waya, an ce a yi shiru mun mayar da wurin dandalin hira. Maigadin da ya tashe ni daga baranda wataƙila wani ne ya ɓata kafin in zo. Duk wanda aka ba aron wuri ya sani cewa ba shi kaɗai aka ba ba, har da wanda zai zo baɗi.

Akwai kuma aikin da za mu iya farawa a wannan mako, mu ɗaliban sashen harshe, domin irin aikinmu ne. An koya mana yadda ake fita fili a yi tambaya a rubuta amsa. Mu raba unguwanni a tsakaninmu, Lamorde, Karaje, Kirkisoy, Nogare da sauransu, kowa ya rubuto wuraren da ya sani: ina ne, yaushe ake buɗewa, akwai wuta, akwai ruwa da makewayi, mace za ta iya zama, wa ake neman izini wurinsa. Mu buga jerin a wannan mujalla, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, mu miƙa wa sababbin ɗalibai ranar da suka iso. Ƴan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa su yi nasu, domin garuruwansu ma suna girma, kuma gara su shirya tun hayar ba ta kai ta Yamai ba. A yanzu wannan sani a ɓoye yake, kowa na rowar inuwarsa don kada a cika masa wuri, sabon zuwa kuma sai ya ɓata zango guda kafin ya gano abin da na gaba da shi ya sani tun bara.

Tun da aka ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a 2025, ana ta maganar aikin da ke gabanmu: ƙamus, littattafan koyarwa, fassarar dokoki, daidaita kalmomin kimiyya. Wannan aiki ba a taron biki ake yinsa ba. Mutum ne zai zauna awa huɗu a wuri guda, da haske, babu mai kiransa, yau da gobe, har shekaru. Waɗanda za su yi shi suna nan cikinmu, wasu a gindin fitila, wata a madafa ƙarfe uku na dare. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mun yarda, amma wanda ya fito yaƙi da duhun farko bai kamata a bar shi da na biyu ba. A kowace unguwa akwai aji a rufe da makulli a aljihun wani. Mu je mu yi sallama, mu roƙa, mu kuma riƙe amana in an ba mu.